Aidan na Lindisfan: bishop mai tafiya a ƙafa da kyautar sarakuna

Yawancin masu hidima da ke zuwa karatu a wurinmu sun san Agustin na Hippo, wanda ya rasu a 430, sun kuma san Martin Luta da abin da ya faru a 1517. Abin da ke tsakani kuwa, shekara dubu da 'yan kai, duhu ne a wurinsu. A wannan darasi za mu ɗauko mutum guda daga cikin wancan zamani, wato Aidan, mutumin ƙasar Ayilan, wanda ya yi bishop a arewacin Ingila daga 635 zuwa rasuwarsa a 651. Mun zaɓe shi domin ya yi aikinsa kusa da sarakuna, ya ci abincinsu, ya karɓi kyautarsu, duk da haka ba wanda ya iya cewa an saye bakinsa. Wannan jarraba ce da kowane fasto a Kaduna ya sani, musamman idan zaɓe ya gabato.

Mutanen Ayilan ba baƙi ba ne a garin nan. Fadan-fadan ƙungiyar SMA sun daɗe suna aiki a Kaduna, kuma babban bishop na Katolika na farko a nan, John McCarthy, ɗan Ayilan ne. Ya riƙe wannan matsayi daga 1959 har 1975, lokacin da Peter Jatau ya gaje shi. Makarantar 'yan mata ta Kakuri da ake kira Sarauniya Amina yau, 'yan mishan ɗin Katolika ne suka kafa ta. Halin barin gida saboda Almasihu tsohon abu ne a ƙasarsu, Aidan kuwa yana cikin na farko-farko.

Kalmomi biyu suna bukatar bayani. Idan muka ce sufi a wannan darasi, muna nufin Kirista da ya bar aure da dukiya ya shiga gidan addu'a, yana zama ƙarƙashin ƙa'ida tare da 'yan'uwa, ana raba yini tsakanin sujada da karatu da aikin hannu. Kada a haɗa shi da sufayen ɗariƙu da maƙwabtanmu Musulmi suka sani. Na biyu, Katolika da Angilikan suna kiran Aidan waliyyi, suna tunawa da shi ran 31 ga Agusta. Mu da muka tashi a ikkilisiyoyin bishara mun fi sabawa da kalmar tsarkaka, wadda Bulus ya yi amfani da ita ga dukan masu bi. Wannan bambanci ba zai hana mu koyo daga mutumin ba.

Kusan duk abin da aka sani game da shi ya fito daga alƙalamin Beda, wani sufi Bature na gidan addu'a na Jaro, wanda ya gama rubuta tarihin ikkilisiyar mutanen Ingila a 731, shekara 80 bayan rasuwar Aidan. Abin lura shi ne, Beda ba ɗan ɓangarensa ba ne. A babbar gardamar da ta raba ikkilisiyar ƙasar, wadda za mu zo kanta, Beda yana gefen Roma, ya kuma faɗi a fili cewa Aidan ya kauce a wannan batu. Yabon da ya fito daga irin wannan baki ya fi na almajiri nauyi.

Ƙasar da aka aike shi

Nortumbiriya masarauta ce a arewacin Ingila. Bishara ta riga Aidan isa can. Wani bishop daga Roma mai suna Paulinus ya yi wa sarki Edwin baftisma a Yok a 627, jama'a kuma suka bi sarki, aka yi ta baftisma a koguna. Shekara shida bayan haka aka kashe Edwin a yaƙi. Paulinus ya ɗauki sarauniya ya gudu da ita kudu ta jirgin ruwa, ya bar wani dikon mai suna Yakubu a baya. Sarakuna biyu da suka gaji Edwin suka yi watsi da baftismarsu suka koma wa gumaka, ba su kuma daɗe ba aka kashe su. Bangaskiyar da ta shigo ta ƙofar fada ta fita ta wannan ƙofa.

Sarakunan da suka hallaka ƙasar su biyu ne. Ɗaya Penda, mai bautar gumaka. Ɗayan Kadwallon, sarkin Biritaniyawa na yamma, Kirista ne mai baftisma, kuma shi ne Beda ya ce bai ƙyale mata ko yara ba. Mu da muka ga abin da ya faru a garin nan a 2000 da 2002, har kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin unguwanni, kada mu karanta wannan da sauri. Mutanen da Aidan zai yi wa wa'azi sun riga sun ga mai sunan Kirista da takobi a hannu.

Wanda ya kori Kadwallon shi ne Oswald, a 634. Tun yana yaro, bayan an kashe ubansa a 616, ya yi gudun hijira zuwa wurin mutanen Ayilan da ke zaune a yammacin Sikotilan, can ya yi baftisma, can ya koyi harshensu. Da ya hau sarauta bai aika Kantabari neman bishop ba, ya aika wurin waɗanda suka rene shi, wato gidan addu'a na tsibirin Ayona, wanda Kolumba ya kafa a 563.

Mutumin da Ayona ta fara aikawa mai tsanani ne. Ya yi wa'azi na ɗan lokaci, ba wanda ya saurare shi, ya koma gida ya shaida wa dattawa cewa mutanen masu taurin kai ne, ba sa koyuwa. Dattawa suka zauna shawara. Aidan yana cikin taron, sai ya ce wa ɗan'uwan nan a ganinsa ya tsananta wa mutanen da ba su san kome ba tukuna, ya kamata ya fara ba su madara kamar yadda manzo ya koyar, har su yi ƙarfin cin abinci mai tauri. Yana nufin 1 Korantiyawa 3:2. Dukan idanu suka koma kansa, kuma kamar yadda ake yi a majalisun ikkilisiya har yau, wanda ya kawo shawara shi aka ɗora wa aikin. Aka keɓe shi bishop aka aike shi.

Kada a ɗauki madarar nan a matsayin sassauta gaskiya. Mutumin nan yana azumi kowace Laraba da Jumma'a har ƙarfe uku na rana, ban da kwana hamsin na bayan Ista, kuma Beda ya shaida cewa bai taɓa yin shiru a kan zunubin masu arziki ba don tsoro ko ganin girma. Kansa ya fi tsananta wa, sai manya. Sababbin tuba su ne suka sami sauƙinsa. Sau da yawa a ikkilisiyoyinmu abin a juye yake: yarinyar da ta yi ciki ita ce ke zaman horo a bencin baya, mai kuɗin da kowa ya san inda ya samo kuɗinsa yana kujerar gaba.

Tsibiri da fada

Oswald ya ba shi tsibirin Lindisfan ya zama mazauninsa. Wanda bai taɓa zama bakin teku ba zai yi mamakin wurin. Sau biyu a kwana ɗaya teku kan cika ya kewaye shi da ruwa, sau biyu kuma ya janye har mutum ya taka rairayi ya ƙetare zuwa tudu. Daga tsibirin ana hango Bamburgh, dutsen da fadar sarki take a kai. Ga bishop kusa da sarki yadda zai same shi idan bukata ta taso, ga kuma ruwa da ke rufe hanya a kan lokacinsa ko da sarki ne ke kira. Idan Aidan yana son kaɗaici fiye da haka yakan tafi wani ƙaramin tsibiri da ake kira Fan.

Da farko bai iya harshen mutanen sosai ba, don haka sarki da kansa yake yi masa tafinta a gaban hakimai da fadawa. Wannan ya saba wa abin da muka sani, inda tafinta yakan zama ƙaramin ma'aikaci. Fasto Bajju ko Atyap ko Ham da aka tura cikin Gbagyi na ƙauyukan Chikun ya san yadda mutum ke komawa yaro idan ba ya jin yaren mutanensa, ko da Hausa tana haɗa su. Aidan bai zauna a haka ba. Ya ɗauki yara goma sha biyu 'yan ƙasa ya rene su, ɗaya daga cikinsu, Eata, ya zama bishop daga baya. Chad da Cedd, 'yan'uwa biyu da suka kai bishara wasu masarautun Ingila, su ma daga makarantar Lindisfan suka fito. Shi ne kuma ya hana Hilda, 'yar gidan sarauta, tafiya Faransa don zaman addu'a, ya kira ta gida ya ba ta wuri. Ita ce daga baya ta shugabanci gidan addu'a na Witbi, mai maza da mata, inda mutum biyar da suka zama bishop suka yi karatu.

Idan sarki ya gayyace shi cin abinci, abin da ba ya yawan faruwa, yakan je da malami ɗaya ko biyu, ya ɗan taɓa, ya tashi ya koma karatu ko addu'a. Idan manyan mutane suka ziyarce shi yakan ba su abinci, amma ba ya ba su kyautar kuɗi don neman shiga, ko da yake al'adar zamanin ke nan.

Dokin sarki

Aidan a ƙafa yake yawo, gari da ƙauye, sai dai idan larura ta tilasta masa hawa. Duk wanda ya gamu da shi a hanya, mai arziki ko matalauci, yakan ratse ya yi magana da shi. In ba mai bi ba ne ya gayyace shi ga bangaskiya, in mai bi ne ya ƙarfafa shi. Waɗanda ke tafiya tare da shi, sufaye ko sauran masu bi, dole ne su riƙa bitar Littafi Mai Tsarki ko haddar Zabura. A wancan zamani doki alamar mulki ne da yaƙi. Manomi idan ya hango mahayi, abin da ya fara zuwa ransa shi ne haraji ko hari.

Penda ya kashe Oswald a 642, masarautar ta rabu biyu. Ƙanensa Oswiyu ya riƙe arewa, wani mai suna Oswin ya riƙe kudu. Oswin yana ƙaunar bishop ɗin, sai ya ba shi doki na musamman domin ƙetare koguna da tafiyar gaggawa. Ba da daɗewa ba wani maroƙi ya tare Aidan a hanya yana neman sadaka. Ya sauka ya ba shi dokin, har da sirdi da kayan ado na sarauta.

Labari ya kai fada. Suna shiga cin abinci sarki ya tambaye shi me ya sa ya ba maroƙi dokin da aka zaɓa masa musamman, alhali akwai dawakai marasa tsada da wasu kayayyaki da suka isa sadaka. Aidan ya mai da masa da tambaya, ko ɗan goɗiya ya fi ɗan Allah daraja a wurinsa. Sarki ya tsaya yana jin ɗumin wuta tare da fadawansa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya kwance takobinsa ya miƙa wa bara, ya durƙusa a gaban bishop ya nemi gafara, ya ce ba zai ƙara ƙididdige abin da aka ba 'ya'yan Allah daga dukiyarsa ba. Aidan ya tashe shi. Amma da aka zauna cin abinci hawaye suka zubo masa, ya gaya wa limaminsa da harshensu na gida, wanda sarki ba ya ji, cewa bai taɓa ganin sarki mai tawali'u haka ba, kuma ba ya jin zai daɗe a duniya.

Mu faɗi gaskiya, sarki yana da hujja. Dokin domin aikin bishara aka ba da shi, ƙasar tana da faɗi, bishop kuma ba yaro ba ne. Fasto mai kula da ikkilisiyoyi uku a bayan Kudenda, idan ya kyautar da babur ɗin da aka saya masa, dattawa za su kira shi su tambaye shi, kuma suna da gaskiya. Abin da aka saya da baikon jama'a amana ne, ba na fasto ba ne da zai yi alheri da shi. Ba mu koyar da cewa kowa ya bayar da abin hawansa.

Amma dokin Aidan daga hannun sarki ya fito, kuma tambayar da sarki ya yi ta nuna har yanzu yana ganin linzamin yana hannunsa. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Babban mutum da ya ba fasto mota ba kasafai yake faɗin abin da yake so ba, ba ya ma bukatar faɗa. Ran da wa'azi ya zo kan Amos, ko kan albashin ma'aikata da aka hana a Yakubu 5:4, fasto da kansa zai ji harshensa ya yi nauyi. Aidan bai ƙi karɓa ba kamar yadda Elisha ya ƙi kayan Na'aman a 2 Sarakuna 5. Ya karɓa, kamar yadda Bulus ya karɓi taimakon Filibiyawa, amma ya nuna wa mai bayarwa tun da wuri cewa abin da ya shigo hannunsa zai wuce gaba. A ganinmu wannan ya fi ƙi wuya, domin mai ƙi sau ɗaya yake yanke shawara, mai karɓa kuwa kullum sai ya sake yanke ta.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowane mai hidima zai iya yi wa kansa. Kyautar da ba za mu iya sanar da ita a gaban dattawa ba, ko wadda ba za mu iya bayar da ita ga wani gobe ba tare da tsoron fushin mai bayarwa ba, ta riga ta zama bashi.

Kuɗin fansa

Kuɗin da masu arziki ke ba shi hanya biyu suke bi. Wasu ga matalauta, wasu kuma wajen fansar mutanen da aka sayar bayi bisa zalunci. Yaƙe-yaƙen masarautun nan suna cika kasuwa da kamammu. Da yawa daga waɗanda ya fansa ya mai da su almajiransa, ya koyar da su, har ya keɓe wasu limamai.

Kalmar fansa ta daina zama ta littafin tauhidi kaɗai a wurinmu. Ran 5 ga Yuli 2021 aka kwashe ɗalibai sama da ɗari daga makarantar sakandaren Baptist ta Bethel, a cikin wannan ƙaramar hukuma tamu ta Chikun, kuma kusan babu ikkilisiya a kudancin kogi da ba ta taɓa zaga kwano domin wani da ke daji ba. Halinmu da na Aidan ba ɗaya ba ne, kuma masu cewa biyan kuɗi yana ƙara wa masu satar mutane ƙarfi suna da abin dubawa. Ba wannan gardama muke son yankewa a nan ba. Abin da ya kama hankalinmu shi ne abin da ya yi bayan an kwance igiya. Mu mukan yi sujadar godiya ranar Lahadi, a yi rawa a kai baiko, Litinin kowa ya koma harkarsa. Mutumin da ya dawo kuwa ba ya barci, gonarsa an sayar, matarsa tana ɗauke da abin da ba ta iya faɗa wa kowa, wasu ma ana nuna su da baki. Aidan ya ɗauki irin waɗannan ya zauna da su shekaru, ya ga masu hidima a cikinsu. Ikkilisiyar da ta iya tara miliyoyi cikin mako biyu za ta iya ware dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumuntar mata su riƙa ziyartar gidan har shekara.

Iyakar ikonsa

Beda ya ba da labarin al'ajibai: man da ya ba wani limami ya kwantar da hadari a teku, da iskar da ta juya ta mai da wuta kan rundunar Penda lokacin da suka so ƙone Bamburgh, Aidan yana addu'a daga tsibirin Fan. Za mu bar su yadda ya ba da su. Abin da ba al'ajibin da ya hana shi ne mutuwar Oswin. Oswiyu, Kirista, ɗan ikkilisiyar da Aidan yake kiwo, ya tasar wa Oswin da yaƙi. Oswin ya ga ba zai iya ba, ya sallami rundunarsa ya ɓuya a gidan wani hakimi da ya amince da shi. Hakimin ya bashe shi, aka kashe shi ran 20 ga Agusta 651. Shekara goma sha shida na koyarwa ba su hana sarki mai baftisma kashe ɗan'uwansa mai baftisma ba. Duk mai hidimar da yake jin kusancinsa da gwamna ko ɗan majalisa zai gyara siyasar ƙasa, ya riƙe wannan a ransa.

Aidan bai cika mako biyu bayan haka ba. Ciwo ya kama shi a wani ƙauyen sarki kusa da Bamburgh, aka kafa masa tanti a jikin bangon majami'a na yamma, ya rasu ran 31 ga Agusta yana jingine da ginshiƙin da ke tokare bangon.

Saura gardamar da muka ambata. Ayona tana lissafin ranar Ista da wani tsohon tsari da ya bambanta da na Roma, har akan sami shekarar da Oswiyu yake bikin tashin Almasihu, matarsa da ta tashi a Kent tana cikin azumi tana kiyaye Lahadin Dabino. Beda ya ce muddin Aidan yana da rai an haƙura da bambancin, domin kowa yana ƙaunarsa, har Honorius bishop na Kantabari yana girmama shi. Da ya kau, haƙurin ya ƙare. A 664 aka yi taro a Witbi, a gidan Hilda. Wilfrid, wanda shi ma ya yi ƙuruciyarsa a Lindisfan, ya tsaya wa Roma, bishop Kolman ya tsaya wa al'adar Ayona, sarki ya yanke wa Roma. Kolman ya ajiye aiki ya koma ƙasarsu da waɗanda suka ƙi sauyawa, ya ɗauki wasu daga ƙasusuwan Aidan ya tafi da su. Ayona kanta ta karɓi lissafin Roma a 716.

Da mutanen Ayilan suka tashi daga Lindisfan, waɗanda suka gaje su sun duba abin da bishop uku suka bari cikin kusan shekara 30 a ƙarƙashin inuwar sarakuna. Sun tarar da majami'a ta katako mai jinkar ciyawa, wadda Finan magajin Aidan ya gina, da 'yan ɗakuna kaɗan da zama ba ya yiwuwa sai da su, da dabbobi. Ba su sami kuɗi ba, ba su kuma sami masaukin manyan baƙi ba, domin sarki idan ya zo da fadawa biyar ko shida yake zuwa, ya yi addu'a a majami'a ya tafi, in kuwa ya tsaya cin abinci, abin da 'yan'uwa suke ci shi yake ci.